Lamba Mai Rai

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Yuni, 2021

Baffa Haliru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna Ɗelu da duk mutanen gida. Ya ƙafar taka? Mama ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana ɓoye maganin a ƙarƙashin tabarma. Mu nan lafiya lau, korona ba ta shigo mana ba, sai dai tana zagaya benen, ta riga ta kwantar da mutum biyu a hawa na huɗu. Na rubuta da hannu na ɗauki hoton takardar na turo maka ne don gidan nan ɗaki biyu ne, in na kira ka a waya har tukunyar Mama sai ta ji abin da na ce.

An sake kulle mu. Shagon Abba a rufe yake, don haka ya kwaso lambobin gaba ɗaya ya kawo gida. In ka shigo falonmu yanzu sai ka rantse Ƙofar Ruwa ce ta yi ƙaura. Ga tsofaffin lambobin motocin Kano da Kaduna da kake aiko mana, ga na Nijar, ga na nan ƙasar, har ƙarƙashin gadona. Masu gidajen shayin da ke saye suna ƙawata bango duk sun rufe, masu tarawa don sha'awa ma sun yi shiru. Abba ba shi da aiki sai zama da harara. Ka san ƙanenka, mutumin da ya zo karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak ya ɓuge da sayar da gwangwani, kuma kada Allah ya sa ka kira shi gwangwani a gabansa.

Ni a cikin ƙarafan nan na girma. Ba a makaranta na koyi ƙirga ba, a jikin lamba na koya. Kowace Asabar ni ce mai wanki, da ruwan tsamiya da tsohon burushin haƙori, yatsuna duk yanka. Ƙanena Umair shi ne mai riƙo. Ka san dokar Abba: lamba ba ta barin hannunsa sai ya kashe ta. Ya kwantar da ita a kan katako, ya kafa ƙatuwar ƙusa a tsakiyar rubutun, ya buga guduma, huda biyu, yadda ko makaho ya shafa zai san ba za ta sake hawa mota ba. Masu saye sun sha yi masa magiya ya bar musu ita lafiyayya, ya ce lamba mai rai ba ta fita daga shagonsa. Umair yana ɗan shekara bakwai guduma ta kauce ta sauka a babban yatsansa, har yau farcen bai fito daidai ba. Abba ya ɗaure masa da tsumma ya ce, "Riƙe da ɗaya hannun." Ba mu taɓa tambayar dalilin dokar ba, don a gidanmu tambaya ma laifi ce.

To ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wani kwali na lambobin nan ƙasar, na motoci da na babura, da Abba ya saya dab da kulle. Bai kashe su ba, saboda Makcik Ros, tsohuwar da ke ƙasa da mu, ta ce bugun yana tayar mata da ciwon kai. Ni na wanke su, na san kowacce. Kwalin nan raguwa yake yi, Baffa. Na leƙa ta baranda na ga Umair yana miƙa wa wani mai sanƙo a kan babur leda irin ta tapau ɗin gidajen abinci, kamar abinci ne a ciki. Botak suke ce wa mutumin. Shagunan da ke buga lamba duk a rufe suke, shi ya sa tamu ta yi musu daraja.

Sai shekaranjiya aka turo wani bidiyo a zauren mutanen benenmu. Mutum biyu a kan babur sun fizgi jakar wata mata a bakin kedai, wato kanti, igiyar ta ƙi tsinkewa, suka ja ta a kan kwalta har kanta ya daki dakalin titi. Na kalla sau ɗaya na kasa cin abinci. Lambar babur ɗin ni na wanke ta. Kusurwarta ta hagu a lanƙwashe take, ita ce ta yanke ni a nan inda nake riƙe da biro.

Na tare Umair a kicin na nuna masa. Yaron da na goya! Ya murɗe min hannu ta baya, ya danna fuskata a bango, ya ce, "Diam lah, Yaya, rufe bakinki. In kika faɗa wa Abba, I swear ba za ki sake ganina ba." Har yanzu kafaɗata ba ta ɗaguwa sosai, na ce wa Mama kwanciya ce.

Tsoro nake ji. In na yi shiru za a sake jan wata a titi da lambar da na wanke. In na faɗa, ban san me Abba zai yi masa ba. Kai ne babba, ka faɗa min.

'Yarka,
Hadiyya


Ƙofar Ruwa, Kano
Yuni, 2021

Hadiyya 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na sa tabarau na karanta sau biyu. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi, ki ce wa Hureira maganin yana nan ina sha, wanda ya kai mata tsegumi kuma Allah ya shirye shi. Rubutunki ya fi na babanki kyau, shi nasa kamar kaza ta bi ta kan siminti.

Kin ce ba ku san dalilin dokar ba. Ba ta babanki Kalilu ba ce, ta kakanku ce, Malam Abdurrahim. A wannan rumfar da nake zaune ya sayi wata mota da ta yi haɗari, ya farfasa ta, ya jefa lambarta a tarin ƙarafa. Wani ya zo ya saya, ya ce zai yi facin ƙofa da ita. Ashe 'yan fashi ne. Suka ɗaura ta a motarsu, suka tare hanyar Zariya, suka kashe wani ɗan kasuwa. Dangin mamacin suka bi lambar har gidan tsohon mai motar, shi kuma ya nuna musu rumfarmu.

Da rana tsaka suka zo, da bututun ƙarfe. Ba su tambayi komai ba. Suka fara da gwiwoyinsa, da ya faɗi suka koma kansa. Ni an aike ni Sabon Gari, ban gani ba. Kalilu ne ya gani, yana ɗan shekara goma, yana kwance a ƙarƙashin wata mota, jinin Baba yana gangarowa har inda yake. Baba ya rayu, amma da ido ɗaya, kuma bai sake tauna nama ba. Ranar da ya fara fitowa kasuwa ya sa aka tara masa duk lambar da ke rumfar ya huda ta, Kalilu na riƙe masa. Babanki bai taɓa ba kowa labarin nan ba, ke ma kada ki nuna masa kin sani.

Shawarata ita ce ki faɗa masa. Gidansa ne, ɗansa ne, kayansa ne. Ki bari ya ci abinci ya yi salla, sannan ki zauna ki faɗa masa a hankali. Na san Kalilu tun yana yawo ba wando, baki ne da shi kawai. Zai yi hargagi, wataƙila ya kai mari, shi ke nan. Shi kuma Umair ƙuruciya ce da zaman kulle, yaron da ya tashi a ƙasar mutane yana amsa wa uwarsa da yaren wasu. Ki shafa man zafi a kafaɗar.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki,
Haliru


Wangsa Maju
Yuli, 2021

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ba lafiya ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ladabi ba.

Na bi shawararka. Na bari ya ci, ya yi sallar La'asar, na zauna na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya sake mayar da shi farko. Bai yi hargagin da ka ce ba. Ya tashi ya ƙirga abin da ya rage a kwalin da yatsa, sannan ya kira Umair da wata murya da ban taɓa jin yana da ita ba.

Umair ya fito daga ɗaki da abin sauraro a kunne. Abba ya ce, "Nawa ka ba su?" Ya ce, "Abba, relax lah, it's just scrap." Bai rufe baki ba Abba ya ɗauki wata lambar Kaduna, irin masu kaurin nan, ya shimfiɗa masa a fuska. Gefenta ya tsaga girarsa, jini ya yi tsalle har jikin labule. Ya sake, ya sake. Umair ya kare da hannu, ƙarfen ya yanka hannun. Mama ta shiga tsakani, ya hankaɗe ta ta faɗa kan kwalaye, lambobi suka zube mata a ka. Na riƙe rigarsa ina cewa, "Abba, za ka kashe shi!" Ko juyowa bai yi ba. Lambar ta lanƙwashe a hannunsa, ya yar ya ɗauki wata.

Abin da ya fi tsorata ni, Umair bai yi kuka ba. Ya tsaya jini na shiga masa ido yana kallon Abba, ya ɗaga babban yatsan nan nasa mai mataccen farce ya ce, "Tun ina yaro kake buguna saboda gwangwani. Ka ƙarasa." A nan Abba ya damƙi wuyan rigarsa, ya ja shi har bakin ƙofa, ya wurga shi waje ba takalmi, ya ce in ya sake taka gidan nan sai ya karya shi. Maƙwabta duk sun buɗe ƙofa da takunkumi a fuska suna kallo, ba wanda ya matso. Makcik Ros ce kaɗai ta miƙa masa tawul da silifas ɗin jikanta.

Ka san me ake nufi da korar yaro a wannan lokacin? Kowace kwana akwai shingen 'yan sanda. Bizarsa ta karatu ta ƙare tun da aka rufe kwalejinsu, ba a sabunta ba. In aka kama shi, wurin tsare baƙi za a kai shi, inda cutar ta fi yawa. Ba shi da inda zai je sai wurin mutanen da ya sayar wa lambobin. Na kira wayarsa har na gaji, a kashe take.

Ni na goge jinin. Ya shiga cikin hudojin lambobin, sai da na sa burushin haƙorin nan. Mama ba ta magana da kowa. Abba yana zaune a baranda tun safe har yamma yana kallon titi, in an kai masa abinci ya dawo yadda aka kai.

Ka ce ka san shi tun yana yawo ba wando. Wanda ka sani ya bar Kano da daɗewa, Baffa, mu muke zaune da wanda ya rage. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da haka. Ka yafe min rashin kunya, amma haka nake ji.

Hadiyya


Ƙofar Ruwa, Kano
Yuli, 2021

Hadiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai hankalinmu yana wurinku. Babu rashin kunya a maganarki, gaskiya kika faɗa, na auna Kalilu da mudun da. Na kira shi, yana jin muryata ya kashe. Ki nemi abokan Umair na unguwar Sri Petaling, ko ɗaya zai san inda yake. Ki rubuto min ko layi ɗaya ne.

Baffanki


Ƙofar Ruwa, Kano
Agusta, 2021

Hadiyya 'yata,

Assalamu alaikum. Shirun ya yi yawa. Takardata ta baya ko buɗe ta ba ki yi ba, wayarki ba ta shiga, ta Hureira tana ƙara ba a ɗauka. Muna ji a rediyo cewa cutar ta yi tsanani a garinku, Ɗelu ta daina barci. In fushi kike da ni, ki yi, amma ki sa wani ya ce min kuna raye. In kuma wani abu ya sami yaron, kada ku ɓoye min don tsufana. Na binne uwa da uba, zan iya ji.

Haliru


Wangsa Maju
Satumba, 2021

Baffa Haliru,

Wa alaikumus salam. Muna raye, dukanmu huɗu. Na fara da wannan don Inna Ɗelu ta yi barci. Ba fushi ba ne ya hana ni rubutu, wayata aka fasa, Mama kuma ka san ta, in ranta ya ɓaci ko ƙarar waya ba ta son ji. Da wayar jikar Makcik Ros nake turo wannan. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Bayan tafiyar Umair da kamar mako biyu aka buga mana ƙofa da hantsi. Botak ne, da rigar masu kai abinci da hular kwano, shi ya sa masu gadi suka bar shi ya hau. Ya turo ƙofar da ƙafa ya shigo har falo da takalmi. Ya nuna wa Abba hoto a wayarsa: Umair ɗaure a kan kujera, ido ɗaya a rufe don kumburi, leɓensa a fashe. Ya ce yaron ya ci abincinsu, ya kwana a garejinsu, ya kuma yi musu alkawarin kwalin gaba ɗaya. A kawo shi gobe kafin La'asar, lafiyayye, ba huda ko ɗaya, a tafi da yaro. In an kira hukuma, su san yadda za su yi da shi kafin a iso. Na ɗaga wayata zan ɗauke shi hoto, ya fizge ta ya buga da ƙasa ya taka, ya kuma kai min bayan hannu a baki. Abba yana tsaye yana kallo har mutumin ya fita.

Na ɗauka maganar ta ƙare, za a ba su gwangwaninsu a karɓo ɗanmu. Washegari da safe sai na ji ƙarar guduma.

Abba ya shimfiɗa katako a tsakiyar falo, ya juye kwalin, ya ce, "Hadiyya, zo ki riƙe." Na ce wallahi ba zan riƙe ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ce masa a'a. Ya danne lambar da gwiwa ya buga da kansa. Mama ta zube ta rungume ƙafarsa tana cewa, "Malam, don Allah, don Annabi, ɗanka ne." Makcik Ros tana dukan silin ɗinta da tsintsiya daga ƙasa. Shi kuwa huda biyu, ya ture, ya jawo wata. Na ce masa, "Ba lamba kake kashewa ba, Umair kake kashewa." Ya ɗago, idonsa jawur, ya ce, "Matar da aka ja a titi ita ma 'yar wani ce." Ya ci gaba har ta ƙarshe. Na tsane shi a lokacin, Baffa, tsana ta gaske.

Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya mayar da lambobin cikin kwalin, ya ɗora gudumar da ƙusar a sama, ya saɓa a kafaɗa. Ya ce kada wanda ya biyo shi. Na bari ya sauka na bi shi daga nesa. Garejin yana bayan wasu shaguna da ke rufe, yana fuskantar dogayen benaye. An sauke ƙofar ƙarfen rabi. Na durƙusa a gefe ina leƙe ta ƙasa.

Su uku ne. Botak ya buɗe kwalin, ya ɗaga lamba ɗaya, haske ya ratsa ta hudojin. Ya ɗaga wata, haka. Ya juya kan Umair da sanda. Abba ya sha gabansa ya ce da yarensu, a tsanake kamar yana ciniki, "Ni na huda su, ga abin da na huda da shi. Yaron bai sani ba. Ku sake shi, ga ni." Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ya ɗauko gudumar.

Botak ya yi dariya ya ce boleh, wato ya yarda. Biyu suka kama Abba suka danne hannunsa na dama a kan bencin aiki. Bai yi kokawa ba, shi ya ma buɗe tafin. Botak ya kafa ƙusar a tsakiya ya buga. Ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce, ba zan iya kwatanta maka ita ba, kuma ba ta barin kunnena. Abba ya ce, "Ya Allah," sau ɗaya. Umair ya yi wani ihu, ya taso da kujerar a ɗaure a bayansa ya afka musu da ka, suka kayar da shi suna shuri a ciki da haƙarƙari. Botak ya zare ƙusar ya ce ai huda biyu ake yi. Ta biyun ta kauce ta bi ta kan ƙasusuwan yatsu.

Ban san lokacin da na ɗauki wani dutse na fara dukan ƙofar ƙarfen ba, ina ihun neman taimako da yarensu, "Tolong! Tolong!" Kullen da ya hana mu komai shi ya cece mu, don kowa yana gida. Tagogin benayen nan suka buɗe, mata suka fito baranda suna buga tukwane, maza suna ihu, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Mutanen suka fito a guje, ɗaya ya bangaje ni na faɗa kwata, suka hau babura suka tsere.

Na shiga na kwance Umair. Ya rarrafa wurin Abba, ya cire rigarsa ya naɗe hannun, yana ta cewa, "Abba, sorry, Abba, sorry," jinin su biyun ya haɗu a ƙasa. Abba ya dube shi ya ce, "Ina takalminka?"

Asibiti cike yake da masu korona, a baranda aka yi masa ɗinki. Hannun yana nan, amma yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce kada mu sa rai. Umair haƙarƙari biyu ne suka karye. Da hukuma ta zo, da bakinsa ya faɗi lambobin da ya sayar da wanda ya sayar wa. An kama ɗaya daga cikinsu. Shi an bar shi a hannun Abba sai an zauna kotu, wataƙila a turo maka shi Kano. Matar nan ta bidiyo an ce ta farfaɗo, amma ba ta gane 'ya'yanta sosai.

Ban san yadda zan ɗauki Abba ba yanzu. Da sun kashe Umair kafin ya buɗe baki fa? Na tambayi kaina wannan har na gaji. Wani lokacin in ina ba shi abinci a baki sai in ji kamar in rungume shi, wani lokacin kamar in ajiye cokalin in fita.

'Yarka,
Hadiyya


Ƙofar Ruwa, Kano
Satumba, 2021

Hadiyya 'yata,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kuna raye. Na karanta a rumfa, na rufe ta na tafi gida, ban iya yi wa kowa bayani ba. Ki gaishe da Hureira, ki ce wa Umair in an turo shi ɗakinsa yana nan. Ki ce wa Kalilu yayansa yana gaishe shi, ko bai amsa ba.

An ce jirage sun fara ɗaukar kaya. Na tara muku kwali guda, har da wata ta tsohuwar Jihar Gongola da ya daɗe yana nema. Tunda hannunsa ya zama haka, zan sa a huda su a nan kafin in aiko, in ya yarda. In kuma ya bar sana'ar, ki faɗa min in sayar wa masu narkarwa.

Baffanki,
Haliru


Wangsa Maju
Oktoba, 2021

Baffa Haliru,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi, Umair ya fara dariya ba tare da ya riƙe ƙirji ba, Mama ta koma yi wa kowa faɗa, alamar ta warke ke nan. An sassauta kulle, mun mayar da kaya shago. Kotu har yanzu shiru.

Na karanta wa Abba takardarka. Da na zo wurin masu narkarwa ya yi tsaki ya ce, "Yaya Haliru bai taɓa sanin darajar kaya ba." Wannan ita ce amsar gaisuwarka, ka karɓa haka. Ya ce kada ka huda komai, ka aiko su yadda suke.

Na ce to wa zai kashe su? Sai daga baya na ga amsar. Ranar Asabar muna shago, wani mai gidan shayi ya aiko yana son lambobin Nijar guda biyar, kuma duk masu rai ne. Na wanke su. Abba ya jawo katakon da ƙafa, ya durƙusa, ya kwantar da ta farko, ya kafa sabuwar ƙusa da hannunsa na hagu, wanda ya rage masa. Sannan ya tura wa Umair gudumar.

Umair ya ja da baya ya ce, "Tak boleh, Abba. Ba zan iya ba." Abba ya ce, "Boleh, za ka iya. Ɗauka." Ya ɗauka. Na ga ya kalli yatsun Abba a jikin ƙusar, ya kalli babban yatsansa, tabon girarsa yana motsi.  Ni dai na san abin da ke tsakanin mutanen nan biyu, kuma in ta kauce ba wanda zai iya cewa ganganci ne ko kuskure. Na ce, "Abba, bari in riƙe." Ya ce, "Ba ke na ba wa ba."

Umair ya goge ido da kafaɗa, ya ɗaga, ya buga. Ƙusar ta ratsa tsakiyar rubutun ta shige katako. Abba bai janye hannunsa ba, ko ƙiftawa bai yi ba. Ya zare ƙusar, ya matsar da ita gefe, ya ce, "Saura ɗaya."

Ka aiko kwalin, Baffa. Ka sa ta Gongolar a sama.

'Yarka,
Hadiyya